Filin Ebbets na Brooklyn: ƙuncin fuloti ne ya kashe shi, ko son zuciyar manya?

Sanusi Kurawa: Assalamu alaikum jama'a. Abin tattaunawarmu yau shi ne filin besbol na Ebbets da ke Brooklyn a birnin Niyok, gidan ƙungiyar Dodgers. An buɗe shi a 1913, aka yi wasan ƙarshe a 1957, aka rushe shi a 1960. Abin ɗaure kai shi ne lokacin da aka bar shi. Tsakanin 1947 da 1956 sau shida Dodgers suna zama zakarun rukuninsu, a 1955 kuma suka ɗauki babban kofin World Series, wanda ba su taɓa ɗauka ba. Shekara biyu bayan nan suka kwashe kayansu sai Los Angeles. To ginin ne ya gaza, ko mutane ne suka gaza masa? Bismillah.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. A fara daga ƙasa, domin duk ciwon daga can ya taso. Fulotin bai kai eka shida ba, kuma tituna huɗu ne suka yi masa zobe: Bedford Avenue, Sullivan Place, Montgomery Street, da Cedar Place wanda daga baya ya koma McKeever Place. Babu gefen da za a matsa ko da ƙafa goma ba tare da an ci titin gwamnati ba. A 1913 wannan bai dame kowa ba, tunda kujeru 18,000 aka zuba kuma 'yan kallo da ƙafa ko taragon lantarki suke zuwa. Sunan Dodgers ma daga nan ya samo asali, wato mutanen Brooklyn masu gocewa tarago in za su tsallaka titi.

Alhaji Bala Ɗankwangila: Injiniya ta faɗi gaskiya, amma a yi wa Charles Ebbets, mai ƙungiyar Dodgers da ya gina filin, adalci, ba rowa ce ta sa ya sayi ɗan wuri ba. Unguwar ana ce mata Pigtown saboda juji ne da bukkoki, aladu na kiwo a ramin shara. Ƙasar kuma ba a hannun mutum ɗaya take ba, guntu-guntu ce a hannun mutane da yawa. Tun 1908 ya fara saye a ɓoye ta hannun wani kamfani na rufa-ido, don duk wanda ya san harkar fili ya san cewa da zarar masu ƙasa sun ji ƙamshin babban aiki, farashi ya ninka. Shekara uku zuwa huɗu yana tsinta ɗai-ɗai. Aka fara aiki ranar 4 ga Maris 1912, aikin ya lashe kimanin dala 750,000, kuɗin Ebbets suka ƙare a tsakiya. Abin da ya fid da shi kunya shi ne 'yan kwangila biyu wa da ƙane, Stephen da Edward McKeever, waɗanda ya sayar wa rabin ƙungiyar. Shi ya sa titin ya ci sunansu.

Nafisa Gobir: Ku yi haƙuri da mai koyo. A ƙwallon ƙafa girman fili kusan ɗaya ne ko'ina. Ta yaya titi zai shafi wasan da ake yi a ciki?

Mamman Mai Besbol: Tambaya mai kyau, ƙanwata. Filin besbol kashi biyu ne. Na ciki doka ta ƙayyade shi: tashoshi huɗu a kusurwa huɗu, ƙafa 90 tsakanin kowace biyu, mai jifa kuma yana tsayawa ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu. Na waje, wato daga tashoshin zuwa katanga, a zamanin da kowa yadda fulotinsa ya ba shi yake yankawa. In mai bugu ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, ya ci maki kai tsaye, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi. Don haka nisan katanga shi ne ke yanke hukuncin ko filin na masu bugu ne ko na masu jifa.

A Ebbets, gefen dama ƙafa 297 ne kacal a shekarun ƙarshe, wajen mita 90, bai kai tsawon filin ƙwallon ƙafa ba. Ba zaɓi aka yi ba, Bedford Avenue ne a bayan katangar. Maganin da aka yi wa gajartar shi ne tsayi: ƙafa 19 na kankare, aka ɗora ragar waya ta ƙafa 19 a sama, jimilla 38. Kuma kankaren ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa a tsakiya, rabin ƙasa a karkace, rabin sama a tsaye. Ga abin da hakan ke haifarwa. Ƙwallon da ta bugi raga takan mutu ta zubo ƙasa a gindin katanga. Wadda ta bugi kankare na sama takan dawo da ƙarfi ta wuce mai tsaro in ya matso kusa. Wadda ta sami gangaren ƙasa takan yi tsalle sama. Ga kuma allon maki da ya kutso cikin fili a gefen dama, gefunansa a karkace, shi ma da nasa halin. Baƙon ɗan wasa sai ya yi ta gudu yana bin ƙwallo kamar mai korar kaza.

Sanusi Kurawa: Carl Furillo, mai tsaron gefen dama na Dodgers, kenan ake nufi in ana maganar wanda ya karanci katangar.

Mamman Mai Besbol: Shi fa. Dabararsa ita ce ya gane tun ƙwallo na sama inda za ta sauka. In raga ce ya ruga gindin katanga, in kankare ne ya ja baya ya juya ya jira ta. Ga hannu mai ƙarfi, har ya taɓa jefo ƙwallo daga can ta riga mai bugu isa tasha ta farko. A gindin allon makin akwai tallar wani mai shagon tufafi, Abe Stark, da ke alƙawarin kwat kyauta ga duk wanda ya bugi allon tallar. Tallar tana dab da ƙasa, ga Furillo tsaye a gabanta, kwat ɗin sai dai a gani a shago. Tallar dai ta yi wa mai ita rana, don daga baya ya zama shugaban majalisar birnin Niyok, ya kuma shugabanci Brooklyn. A saman allon kuma akwai tallar Schaefer, wani kamfanin giya. In an yanke cewa bugun kirki ne sai harafin h ya kama wuta, in kuskuren mai tsaro ne sai e ya kama.

Injiniya Hadiza: Malam Mamman, ka tsaya a dama ka bar hagu, alhali can ne hujjata take. A 1913 gefen hagu ƙafa 419 ne. A ƙarshe ya dawo 348, tsakiya kuma 393. Ina sauran suka tafi? Kujeru suka cinye. Da jama'a suka ƙaru, a farkon shekarun 1930 aka zagayo da rumfa mai hawa biyu ta hagu har tsakiya, kuma tunda ba a iya fita waje, sai aka shigo ciki. Duk layin kujerar da aka ƙara, daga ciyawar wasa aka yanko shi. Da wannan aka kai kusan 32,000, daga nan kuma tura ta kai bango. Hawa na uku ba ya yiwuwa cikin sauƙi, don ginshiƙan ƙarfe da harsashin an lissafa su ne kan nauyin hawa biyu da rufi. Ginshiƙan nan ma su ne ke tare wa na baya gani. Ginin zamani yana ja da hawan sama baya don a rage ginshiƙai, wannan kuwa faɗin ƙasa yake ci.

Ummi Ɗanladi: Kafin ku binne shi da lissafi, a tuna abin da aka gani a ciki. Ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya fito a tasha ta farko a karawa da Boston Braves, baƙar fata na farko a babbar gasar tun ƙarshen ƙarni na 19. Mutum 26,623 ne suka shiga, wato filin ma bai cika ba. A nan aka fara nuna wasan babbar gasar a talabijin, 26 ga Agusta 1939. Ranar da aka fara kunna fitilun dare kuma, 15 ga Yuni 1938, Johnny Vander Meer, mai jifa na Cincinnati, ya gama wasa ba wanda ya samu bugun kirki daga jifansa, karo na biyu a jere, abin da har yau ba a maimaita ba.

Alhaji Bala Ɗankwangila: Hajiya Ummi, ba wanda ya yi musun daraja. Amma kyau daban, amfani daban. Ɗauki zauren shiga: zagayayye, faɗinsa ƙafa 80, an shafe shi da dutsen mabul na Italiya, fitilar tsakiya mai hannaye 12 siffar sandar bugu, kowanne riƙe da ƙwan fitila siffar ƙwallo. Abin kallo. Sai dai mai zanen, Clarence Van Buskirk, ya jera tagogin sayar da tikiti da ƙofofin shiga duk a cikin da'irar. Layi goma sha biyu a ɗaki zagayayye dole su haɗu a tsakiya, mai neman tikiti ya tare wanda ya riga ya saya. An kuma manta da ɗakin 'yan jarida gaba ɗaya, sai 1929 aka gina na dindindin.

Garba Akanta: Ni dai lambobi zan kawo. A 1947 Dodgers sun tara 'yan kallo sama da miliyan 1.8 a kaka ɗaya. A 1955, shekarar kofi, da ƙyar suka haura miliyan ɗaya. Ƙungiya na ƙara ƙarfi, ƙofa na raguwa. Dalili biyu a fili suke: talabijin ta shiga gidaje, sannan bayan yaƙin duniya na biyu iyalai da dama sun bar Brooklyn zuwa sababbin unguwannin Long Island, sun koma masu mota. Wurin ajiye motoci a Ebbets kuwa na mota 700 ne. Ko da mutum huɗu a kowace mota, 2,800 kenan, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kujerun ba. A gefe guda, Braves sun bar Boston zuwa Milwaukee a 1953, suka shiga sabon filin da hukuma ta gina mai yalwar wurin motoci, daga 1954 zuwa 1957 suna haura miliyan biyu kowace kaka. Walter O'Malley, wanda ya karɓi ragamar Dodgers a 1950, yana kallon kishiya tana ninka shi a ƙofa.

Ummi Ɗanladi: Malam Garba, miliyan ɗaya ba talauci ba ne a lokacin. Dodgers na cikin ƙungiyoyin da suka fi cin riba a gasar, ga kuɗin rediyo da talabijin. Ba yunwa ce ta kori O'Malley ba, babbar akushi ya hango.

Garba Akanta: Ban ce yana asara ba, Hajiya. Na ce layin yana gangarowa, kuma ginin ba shi da hanyar juya shi.

Barista Nafi'u: A nan ne ake yawan cakuɗa magana, bari in warware. O'Malley bai fara da neman barin Brooklyn ba. Ya nemi wuri a mahaɗar Atlantic Avenue da Flatbush Avenue, inda tashar jirgin ƙasan Long Island take kuma layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa suka haɗu. Hikimar ita ce wanda ya ƙaura ya hau jirgi ya sauka a bakin ƙofa, ba sai ya nemi wurin mota ba. Ya ce zai gina da kuɗinsa, har ya sa mai zanen gine-gine Buckminster Fuller ya yi masa nazarin fili mai rufin ƙubba. Abin da ya nema wajen birni shi ne a karɓe ƙasar da ƙarfin doka, a biya diyya, a haɗa masa ita wuri guda ya saya, don a wurin akwai kasuwar nama da ƙananan masu mallaka da yawa. In ya bi su ɗai-ɗai irin na Ebbets, a bainar jama'a kuma, na ƙarshe zai yanka masa farashin da ya ga dama.

Wuƙa da nama suna hannun Robert Moses, wanda ke riƙe da harkar share tsofaffin unguwanni ta birnin. Dokar da O'Malley ya so a yi amfani da ita ita ce sashe na farko na dokar gidaje ta tarayya ta 1949. Moses ya ce filin wasa na ɗan kasuwa ba ya cikin abin da dokar ke nufi da amfanin jama'a. Ya yi tayin fili a Flushing Meadows ta Queens, birni ya gina, ƙungiya ta yi haya. O'Malley ya ƙi, don ba Brooklyn ba ce kuma ba mallakarsa ba. A 1956 jiha ta kafa wata hukuma da ikon ciyo bashin dala miliyan 30 don aikin, amma ta mutu a kan takarda.

Alhaji Bala Ɗankwangila: To Barista, ashe Moses ne mai laifi.

Barista Nafi'u: Ba da sauri ba, ranka ya daɗe. Dubi jerin abin da O'Malley ya yi yana tsaka da ciniki. A 1956 ya kai wasanni bakwai na gida Jersey City, a 1957 takwas, gargaɗi kenan. A Oktoban 1956 ya sayar da Ebbets ga wani mai gine-gine, Marvin Kratter, kan dala miliyan 3, ya koma ɗan haya na shekara uku. A Fabrairun 1957 ya sayi ƙaramar ƙungiyar Los Angeles da filinta daga Philip Wrigley, wanda ya ba shi haƙƙin yankin. A Mayu masu ƙungiyoyin rukunin suka amince Dodgers da Giants, wata ƙungiyar Niyok, su koma Kalifoniya. Wanda ya sayar da gidan da yake ciki ya kama wani a wani gari, ba za a ce korarsa aka yi kawai ba. Matsayin Moses kuma yana da ƙafa a doka, ko da yake shi kansa ya sha miƙar da dokar nan in aikin ya yi masa. Kowannensu ya ja igiya, ta tsinke a kan 'yan kallo.

Ummi Ɗanladi: A ƙara da cewa ƙasar da aka samu a can ma ba kango ba ce. Chavez Ravine, kimanin eka 300, unguwannin Amurkawa 'yan asalin Meziko ne. An tashe su a farkon shekarun 1950 da sunan gina gidajen gwamnati, aka soke aikin a 1953, aka fitar da iyalan ƙarshe da ƙarfi a Mayun 1959. Yarjejeniyar ba Dodgers ƙasar da ƙyar ta tsallake ƙuri'ar jama'a a Yunin 1958. Filin da aka buɗe a 1962 yana ɗaukar mutum 56,000 da mota wajen 16,000.

Nafisa Gobir: Yaya Mamman, wasan ƙarshe fa? Na zaci cika aka yi maƙil.

Mamman Mai Besbol: Ina! Ranar 24 ga Satumba 1957, da Pittsburgh Pirates, Dodgers suka ci 2 da 0, mutum 6,702 ne a ciki. Ba a sanar da tafiyar a hukumance ba sai 8 ga Oktoba, amma kowa ya riga ya sani, mutane sun yi fushi sun zauna gida.

Sanusi Kurawa: Alhaji, rusau ɗin kansa ɓangarenka ne.

Alhaji Bala Ɗankwangila: An fara ranar 23 ga Fabrairu 1960, da ɗan biki ma. Ƙwallon ƙarfen da aka rataya a injin ɗaga kaya an shafe ta da farin fenti, aka zana mata jan ɗinki kamar ƙwallon besbol. Ita aka sake amfani da ita a 1964 wajen rushe Polo Grounds, tsohon gidan Giants. Roy Campanella, tsohon ɗan wasan Dodgers, ya halarta a keken guragu, bayan haɗarin motar da ya shanye masa jiki a Janairun 1958.

Irin wannan gini a tsakiyar gidaje ba a sa masa nakiya. Tsarin aikin shi ne a fara kwashe abin da ke da kuɗi tun bai lalace ba: kujeru, fitilu, wayoyin tagulla, famfuna. Sai a yanke wuta da ruwa da gas daga titi. Sai rufi, sai hawan sama, ana saukowa. Ƙwallon ƙarfe bulo da kankare take fasawa, ba ta yanka ƙarfe, lanƙwasa shi kawai take yi, don haka masu wutar yanka ke bin bayanta suna datse ginshiƙai da rodi a kai wa 'yan gwangwan. Kuskuren da ke kashe ma'aikata shi ne a taɓa ginshiƙin ƙasa alhali nauyin sama bai sauka ba, ko a bar doguwar katanga tsaye ita kaɗai bayan an cire abin da ke tokare ta. Ta gefen titi kuma ciki ake turo bango, ana feshin ruwa saboda ƙura. A 1962 aka buɗe dogayen benaye a wurin, gidajen haya kimanin 1,300, suna nan har yanzu da sunan Ebbets.

Ummi Ɗanladi: Amma Fenway na Boston na 1912 ne, Wrigley na Chicago na 1914, duk a matse tsakanin tituna, kuma ana wasa a cikinsu har gobe. Me ya hana Ebbets?

Injiniya Hadiza: Ta fuskar gini, ba abin da ya hana a gyara. Ƙarfe da kankare na shekara 47 ba su tsufa ba in ana tare yoyon ruwa, ana kankare tsatsa, ana fenti. Fenway ma sai 2003 aka ɗora kujeru a saman doguwar katangarsa ta hagu, kuma kujerunsa duka ba su kai 38,000 ba. Bambancin shi ne waɗancan biyun ƙungiyoyinsu ba su tafi ba, suka daure har zamanin da tsohon fili ya zama abin sayarwa, tikiti ya yi tsada, ƙarancin kujera ya daina zama aibi. Ebbets ya rasa mai haya, ga mai shi ya saye shi ne don ƙasar. Ko sabuwar ƙungiya aka kawo, ƙa'idar da aka kafa a 1958 ta nuna inda aka dosa: sabon fili kada ya gaza ƙafa 325 a gefuna da 400 a tsakiya. Ba ta hau kan tsofaffi ba, amma fulotin Ebbets ba zai taɓa ba da 325 ta Bedford Avenue ba.

Barista Nafi'u: Kuma babu dokar da za ta tsaya masa. Dokar kare gine-ginen tarihi ta birnin Niyok sai 1965 aka yi ta, bayan hayaniyar rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn da aka fara a 1963. A 1960 mai gini yana da ikon rushe abinsa in ya karɓi takardar izini.

Nafisa Gobir: Akwai abin da ya rage da mutum zai iya gani?

Mamman Mai Besbol: Kaɗan. Dutsen harsashin yana gidan tarihin besbol da ke Cooperstown. Wurin da Moses ya yi tayi a Flushing Meadows shi ne aka gina wa Mets, sabuwar ƙungiyar Niyok, filin Shea a 1964, wanda shi ma an rushe shi. Citi Field da ya gaje shi a 2009 an kwaikwayi fuskar Ebbets mai bakan gizo na jan bulo, zauren shigarsa kuma yana ɗauke da sunan Jackie Robinson, wannan karon tagogin tikiti a waje. Sandar tutar Ebbets kuma an kafa ta a gaban Barclays Center, dandalin wasanni da aka buɗe a Brooklyn a 2012.

Garba Akanta: Barclays ɗin nan ba a mahaɗar Atlantic da Flatbush yake ba?

Barista Nafi'u: Nan ne, tsallaken titi daga inda O'Malley ya nema. Kuma da ikon karɓe ƙasa na jiha aka haɗa fulotin.